Motar da Baba Ya Ƙi Yi wa Addu'a

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, har shekaruna ma wani lokaci sai na tsaya na yi lissafi. Amma ranar da na kai wa surukina mota ya sa mata albarka, wannan kam da ita za a binne ni.

Lokacin maigidana kofur ne a soja, an tura su wata ƙasa aikin wanzar da zaman lafiya. Ni da yara biyu muna haya a Dogarawa, don ba mu samu ɗaki a bariki ba. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, shi kuma sai a yi sati biyu bai samu damar kira ba, in ya kira ma rabin maganar iska ce. Kafin ya tafi ya sa a riƙa zuba alawus ɗinsa na can a asusuna, ba na yayyensa ba. Ai kuwa dangi suka ɗauki zafi. A gabana aka ce wai an damƙa wa mace kuɗin bakin bindiga, zani da sarƙa za su cinye. Abin ya tsaya mini a rai. Ni kuwa, Allah ya sani, ban iya haɗiye raini ba.

Burin maigidana guda ɗaya ne, mota. Ya gaji da ganin yaransa a cushe kan acaɓa duk Lahadi za mu sujada. Ya ce in ya dawo za mu duba tare. Ni kuma na ƙudura a raina sai dai ya dawo ya tarar da ita a ƙofar gida, masu magana su ga abin da mace ta yi. Da na yi shiru da bakina ma da sauƙi. Ina! Duk wadda na haɗu da ita a kasuwar mami, wato 'yar kasuwar bayan bariki, sai ta ji cewa maigida ya kusa dawowa kuma mota nake nema.

Ba a yi sati biyu ba wani mutum ya yi sallama a gidanmu. Wandon soja, takalmi yana sheƙi, aski tas. Ya ce shi saje ne, kwas ɗaya suka yi da maigidana, har ya kira shi da sunan tsokanar da 'yan bariki kaɗai suka sani. Ya ɗaga ƙaramar 'yata sama ya ce kamar ubanta ya yi kaki. Wai an yi masa canjin wurin aiki zuwa kudu, jibi zai tafi, kuma ba ya so motarsa ta faɗa hannun farar hula alhali ga matar ɗan'uwa tana nema.

Na bi shi Sabon Gari, bayan wani garejin makanikai, na gan ta. 'Yar Kwatano ce, ruwan toka, ko ƙwarzane babu. A gaban gilashi ga hular soja, ga dorina a ajiye. Ya zaga da ni gari, muka iso shingen 'yan sanda, ko kallon takarda ba su yi ba, suna hango hular suka ɗaga mana hannu. Ya yi dariya ya ce, "Madam, kin gani? Motar gida ce." Ni ma na yi dariya, har wani daɗi na ji. Mu matan soja haka aka tarbiyyantar da mu, wanda ya fi mijinki igiya ba ki tsare shi da tambaya. Takardun da ya miƙo mini ma da hannu biyu na karɓa, na mayar masa ban karanta ba.

Washegari na je banki na kwaso kusan duk abin da maigidana ya tara, na ƙunshe a jaka. Abu ɗaya ya hana ni miƙawa nan take. A gidan su maigidana ba a shigo da babban abu sai Baba, mahaifinsu, ya ɗora hannu ya yi addu'a, ko keken ɗinki ne. Da gangan na ɓoye masa zancen tun farko, don ina tsoron ya kai kunnen 'ya'yansa. Amma in tsallake addu'ar, wannan ban iya ba. Saje ya ɗan ɓata fuska, ya duba agogo, sannan ya ce to mu je, ai minti biyar ne.

Baba yana Samaru, cikin ɗan gidansa da ɗalibai suka kama rabi haya. Tsohon direban soja ne, ya yi ritaya tun ban san zan shigo gidan ba, yanar ido kuma ta rufe masa gani, sai dai ya gane mutum da murya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo mu da sauri kamar mai kai ƙara. Bai ce don me ban gaya masa ba. Ya dai laluba sandarsa ya miƙe.

"Saje, buɗe mini bonet," in ji shi.

"Baba, addu'a kawai muka zo," na ce, kunya ta kama ni.

"'Yata, mu a soja ba a tayar da mota sai an yi mata fareti. Shekara talatin ban fasa ba, yau zan fasa?"

Ya fara kuwa, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Ya ja sandar baƙin mai ya murza a yatsa ya sansana. Ya taɓa ruwan lagireto, ya girgiza kan batir. Ni ina tsaye raina yana tafasa, ina cewa a zuci tsohon nan zai sa mutumin ya fasa. Can ya kai hannu inda ake buga lambar jikin mota a ƙarfe, ya ce a karanta masa ta takarda. Saje ya karanta, Baba yana bin lambobin da ɗan yatsa, duk suka yi daidai. Na sauke ajiyar zuciya. Amma yatsan bai tsaya ba, ya ci gaba da zagaya gefen wurin, ya je ya dawo.

"'Yata, kawo hannunki."

Ya kama yatsana ya ɗora. Ƙarƙashin fentin nan mai santsi na ji wani ɗan tudu siriri ya kewaye lambar ta kowane gefe. Walda ce. An yanko lambar wata mota an liƙa a nan. Ido ba zai gani ba, ni mai ido biyu ban gani ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙila hatsari ta taɓa yi, ba abin faɗa ba ne. Mu biya ofishin lasisi su duba, daga nan mu shiga bariki a sa hannu gaban samanja. Tun da kai na gida ne, ai ba wuya." Saje ya ce sosai ma, bari ya sha mai ya ɗauko katinsa na aiki, yanzu zai dawo. Har ya sara wa Baba.

Kun san wautata? Yana fita na juya kan tsohon nan. "Baba, kun kore shi! Yanzu ya ji haushi!" Ya ce in zauna mu jira. Muka jira har la'asar. Na je wurin masu lema da ke sana'ar buga waya, na buga lambarsa sau uku, a kashe. Daga baya makanikan Sabon Gari suka ce ba su san shi ba, kwana biyu kawai ya roƙa ya ajiye mota, maigidana kuma bai taɓa jin mai kama da shi ba. Amma tun a wannan yammacin na riga na gane. Na kalli jakar da ke cinyata, na tuna wata goma sha ɗaya maigidana yana kwana cikin rami saboda abin da ke ciki. Na zube gaban Baba ina kuka, ina roƙonsa kada ya gaya wa kowa.

Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya dafa kaina. "Da muka dawo daga yaƙi," ya ce, "duk abin da aka biya ni na ɗauka na ba wani mai kaki irina, zai kawo mini babbar mota in fara sufuri. Har yau ina jiransa. Surukarki ta rasu ba ta taɓa goranta mini ba, yaran nan kuwa ba wanda ya sani. Ke kaɗai na gaya wa. Ki riƙe nawa, in riƙe naki." Ya raka ni har bakin titi da sandarsa, ya ce gobe da sassafe in mayar da kuɗin banki.

Ranar da maigidana ya dawo, ya rame ya yi baƙi, dangi suka cika gidan Samaru. Baba ya sa aka yi shiru, ya ce, "Wani ɓarawo ya zo wa guminka, matarka ta kawo shi gabana. Ko sisi bai ci ba." Bai yi ƙarya ba ko kalma ɗaya, bai kuma faɗi sauran ba. Yayyen suka sunkuyar da kai, maigidana yana kallona idonsa ya cika da hawaye, ni kuwa na kasa ɗago fuska.

Mun sayi mota bayan wata uku, su biyu suka je da Baba, sai da aka bi ofis-ofis aka tabbatar da kowace takarda. Ni da bakina na gaya wa maigidana gaskiya, amma sai bayan Baba ya rasu, kuma sai da ya yarda na rubuta wannan.

Abin da na koya shi ne kaki ba takarda ba ne, duk mai cewa jibi zai tafi a bar shi ya tafi, kuma neman a ce ka iya ya fi ɓarawo saurin cinye dukiya. Amma babban abin da na ɗauka daga tsohon nan wani ne daban. Yanzu ni ma ina da surukai, kuma duk wadda ta zo mini da kuskurenta a hannu, nakan fara ba ta labarin nawa.