Ranar Riƙe Hannun Jikar Inna

A shekarun da ƙaramar hukuma ke ta rurrufe ɗakunan karatu, muna zaune a unguwar Handsworth ta Birmingham, bango ɗaya da wata tsohuwa 'yar Bangal. Inna nake ce mata, ta kuwa karɓi sunan ba ta ko tambayi ma'anarsa ba. Tsohuwar malamar makaranta ce mai faɗan tsiya, ni ma ba kanwar lasa ba ce. Da rigima kan kwandon shara muka fara, muka ƙare da shan shayi tare.

Duk Asabar tana koya wa yaran Bangal haruffansu a laburaren unguwa, da wani ɗan siririn littafi. Wanda ya rubuta shi malami ne na zamanin mulkin Turawa a ƙasarsu. In Inna ta soma zancensa, sai shayi ya huce. Gida-gida ya riƙa bi yana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su zo makarantarsa, wasu su rufe masa ƙofa, wasu su bi shi da habaici. Ya yi rubuce-rubuce da yawa, amma ƙaramin nan ne ya shiga kowane gida. Kakar Inna na cikin yaran da ya samu.

Suna da wata al'ada. Yaro ba ya fara rubutu shi kaɗai. Babba zai ɗora shi a cinya, ya riƙe masa hannu, su ja harafin farko tare da alli a kan allo. Malamin nan ne ya riƙe hannun kakarta, kakar ta riƙe nata. Ɗanta ɗaya tilo ya tashi a lokacin da take fafutukar neman aiki, abin bai yiwu ba. Saura jikarta, wadda ke Manchester inda uban ke aikin likita.

An sa rana, za a yi a laburare gaban ɗalibanta. Sai aka rufe ɗakin, wai babu kuɗi, ajin ya watse. Daga nan ciwon yanar ido ya rufe wa Inna gani.

Na ce, "Inna, mu je a yi hakan nan mana. Hannu ne zai yi aikin."

Ta ce, "Ke dai ba ki da hankali. In ja mata harafin da ban gani ba?"

Likitan unguwa ya tura ta asibiti, asibiti suka sa ta a layi. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Na yi ta buga waya ina masifa har maigidana ya ce wata rana za su toshe lambata. Sai da shekara ta zagayo aka yi mata aikin.

Ni na tuƙa ta zuwa Manchester. Ta ci ado da farin sari, lufayar nan tasu, allon na kan cinyarta naɗe cikin tawul. Muka kutsa ta cunkoson bas-bas na Oxford Road har gidan ɗan nata. Ya karɓe mu da fara'a, matarsa ta yi girki, kowa ya ɗaga waya zai ɗauki hoto.

Inna ta ɗora yarinyar a cinya, ta sa mata alli, ta rufe hannunta da nata. Yarinyar ta fizge, ta ce da Turancinta na 'yan Manchester ai ta iya da kanta, an koya musu a makaranta. Ta duƙa ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙen boko, ta ɗago tana jiran yabo.

Inna ce ta fara tafawa, ta sumbaci goshinta. Uban ya ce a goge a sake, Inna ta ce a'a, na farko sau ɗaya ake yi.

Ni kam haushi ya cika ni, na rasa wa zan zaga. Yarinya ba ta da laifi, uban ma haka. Ko abincin ban iya ci ba.

A hanyar komawa, da muka kusa Birmingham, Inna ta juyo wajena.

"Kin ga yadda ta riƙe allin? Daidai ta riƙe."

Na ce na gani.

Ta ce, "Ko wace ce ta nuna mata, Allah ya yi mata albarka." Ta juya fuskarta wajen taga.