Na'urar da Muka Yi Jinya a Gangara

Shekarun baya, ina karatun kwamfuta a Maraɗi, malaminmu ya sa mu cikin wani gwaji na bulokcen. Ga wanda bai sani ba, na'urori ne a garuruwa daban-daban, kowace riƙe da bayani iri ɗaya, ba a ƙara komai sai sun amince. A tsohon tsari gasar lissafi suke yi, wadda ta riga ita ke da magana, shi ya sa suke shan wuta ba kaɗan ba. Namu kuwa ƙuri'a ce: wadda ta faɗa wa ta tabbatar, sauran su shaida. Malam ya ba kowannenmu na'ura ɗaya, ya ce duk wanda tasa ta mutu kafin a gama, ba shi cikin masu zuwa horo Yamai.

Gwajin ya faɗo cikin hutun damina, ga Baba ya aiko in zo gida noman maimai. Na jefa na'urar a aljihu, don ba ta fi tafin hannu ba, na nufi garinmu Gangara. Na jona ta da batirin solarmu, ina cika baki cewa ko ƙwan fitila ya fi ta ci. Mahaifiyata ta juya ta a hannu ta ce, "Wanga ɗan abu shi na karatun duka?"

Sai marka ta sauka. Rana ta ɓuya, batiri ya yi ta ja baya. Kowa na murnar gero, ni kaɗai a garin nake leƙen sama ina roƙon rana a ɓoye. Da Inna ta ga na bar tuwo, ta tsare ni sai da na faɗa mata.

"To mi ya hana ka magana?" Ta zare wayarta daga caji, ta ce ba mai ƙara kunna fitila. Baba ya kashe rediyonsa yana gunaguni, wai an kawo mishi baƙon da ba ya gaisuwa. Duk da haka batirin bai daina sauka ba. Abokina da ya ji, ya turo babur ɗinsa cikin taɓo, ya kwance batirin ya miƙo mini. Na ce gobe fa kasuwa. Ya ce, "Ƙafa tana nan."

Labari ya zaga unguwa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya, "Ya mai jiki?" Ni kuma ba kunya nake amsawa, "Da sauƙi."

Muna gona da hantsi saƙon malam ya shigo: an gama, tawa ba ta mutu ba, har ƙuri'a ta faɗo mata ta tabbatar. Na yar da hauya na ruga gida. Inna ba ta tsaya jin bayani ba ta rangaɗa guɗa, matan maƙwabta suka shigo a guje suna zaton haihuwa aka yi.

Na je Yamai, kuma da aikin nake ci yau. Da tsohon tsarin ne, gida irin namu ko kusa ba zai shiga ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, mutanen da suka zauna ba fitila ba rediyo saboda ni, ba wanda ya san me na'urar take yi. Ba su ma tambaya ba. Sun ji dai nawa ne.