Bahon da na tanadar wa Nna

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya, ga amsarku: ciwon huhu na yi, kuma a cikin gidana na ɗauko shi.

Bara na sayi bahon ruwan zafi na hannu, irin mai injin da ke ɓuɓɓugo da ruwa. Saboda Nna na saya, mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya mayar da sallarta kan kujera. Na girka shi a gidana na Dutsen Kura, ina jiran ta zo daga Bida.

Kun san yadda ruwa yake wahala a Minna. Tun da na cika bahon sau ɗaya, zuciyata ta ƙi yarda in zubar. Sai in rufe shi, in an kawo wuta in kunna. Filtar da ke tace ruwan ta yage, na wanke ta na ɗaure da roba. Hitar da ke dafa ruwan ma ta gaji, ruwan ba ya wuce ɗumi-ɗumi.

Mai gyara ya duba ya ce, "Oga, wannan abu ya gama, a canza shi."

Na ce a lallaɓa. Ni da na lallaɓa mota da janareta shekara da shekaru, baho ne zai gagare ni?

Saura mako biyu Nna ta zo, na shiga don in gwada mata. Na daɗe a ciki, feshin ruwa yana dukan fuskata, ina yaba wa kaina.

Bayan kwana biyar sai zazzaɓi da ciwon kai. Na karɓi maganin maleriya a kemis. Da na koma aka ce taifot ne. Sai tari ya shigo.

Ranar da na kasa kai ƙarshen Fatiha saboda numfashi, matata Hauwa ta ɗauki makullin mota, ba ta ko nemi shawarata ba.

A asibiti aka yi hoton ƙirji, gwajin jini, fitsari, majina. Aka ɗaura mini iskar oksijin. Kuɗin iskar kaɗai ya ninka na sabuwar filta da hita nesa ba kusa ba.

Na ji tsoro sosai. Wuni nake ina kallon lambar na'urar da aka maƙala mini a yatsa, in ta sauka gabana ya faɗi.

Likitar ta yi ta tambaya: na yi tafiya? Na kwana a otal? Duk a'a. Hauwa ce ta ce, "Likita, akwai fa wani bahonsa."

Likitar ta tambaye ni, "Yaushe rabon da a canza ruwan?"

Na ce tun da na cika shi ban zubar ba.

Ta ce akwai ƙwayar cuta da ke son ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye, injin ya fesa ta, mutum ya shaƙa. Ta sauya mini magani, sannan ta ce, "Kai da ƙarfinka ka sha haka. Da tsoho ne ya shiga, ban san me zan ce maka ba."

Kwanana goma sha ɗaya a gado. Yanzu alhamdulillahi, ina hawa bene, sai dai in tsaya a tsakiya.

Masu irin wannan baho, ku riƙa zubar da ruwan, ku yi ban-ruwan shuka da shi in asara kuke tsoro. Ku sa wa ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya gaji a canza shi da daidai irinsa. Kafin a taɓa hita ko famfo, a kashe wuta daga tushe, har ta janareta, a kira wanda ya sani. Zazzaɓin da ya zo da sarƙewar numfashi kuma, asibiti ake kai shi.

Na gode wa Allah, da Hauwa, da likitoci da nas-nas, da ku masu addu'a.

Nna ta zo a ranar da muka sa, amma asibiti aka sauke ta wajen duba ni. Sai da aka sallame ni na iya gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana shafa gwiwarta, sannan ta ce, "Ashe ciwona ka riga ni ɗauka."