Sunan Kakansa a Bango

Ina shan shayi a zauren kulob ɗin wasan golf na garinmu, nan bakin teku a arewacin Scotland, sai ga wani dattijo da ban sani ba. Dogo ne siriri, kwat ɗinsa ta jiƙe da yayyafi, takalmansa duk yashi. Ba ya ɗauke da sandar wasa. Da alama tun safe yake zagaya filin a ƙafa.

Yana tsaye gaban allon tagulla mai sunan wanda aka ce shi ya tsara filin, Alasdair Rennie. Leɓunansa na motsi.

Morag mai shayi ta leƙo. "Baba Rennie, wai da gaske so kake a cire sunan kakanka? Ga bikin cikar filin shekara ɗari ya ƙarato!"

"Lokacin da aka yi filin nan yana Kanada, 'yata. Na bincika, na tabbatar."

"To wa ya yi?"

"Na san shi. Amma jikokinsa sun roƙe ni kada in faɗa, na kuwa yi alkawari."

"Kai dai da neman rigima! Ka ƙi naka, ka hana mu na wani."

Ya mayar da idonsa kan allon. Ina jin tun yana yaro ake kawo shi nan a nuna masa sunan, wataƙila yanzu a danginsa akwai waɗanda suka daina gaishe shi. Ya sa bakin hannun rigarsa ya goge haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi Morag ko sakataren kulob ɗin yana ciki.