Talatin ga Safar

Har yau idan kwamfuta ta rubuta mini "an kammala", sai in ji raina ya ɓaci. Maƙaryaciya! Ni na san abin da wannan kalma ta ci.

A lokacin ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a unguwar Sharafiyya, cikin Jidda. Cikin masu kirana akwai wani Alhaji mai kargo a Nuzla, wanda yake tura wa mutanenmu kaya gida. Ni na saka masa manhajar da ake rubuta kayan mutane tun shekarun baya. A cikinta akwai wani tsohon injin rumbun bayanai, irin wanda yake ƙunshe a jikin manhaja, ba ya neman komai sai kwamfutar da yake zaune a kai. Sunan mai kaya, lambar wayarsa, lambar da aka manna wa akwati da ranar da aka kawo shi, duk fayil guda ke haɗiye su. A jikin akwati kuwa lamba ce kawai, don Alhaji ya ce suna a jikin kaya shi ke jawo masu zuwa su ce ai na ɗan'uwansu ne.

Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyata a Nuzla, Inna nake ce mata. Ita ta riƙa zuba mini abinci sa'ad da na zo garin nan ban san kowa ba. Ɗinki take yi a ɗakinta da wani babban keke na lantarki, shi ne duk abin da zamanta na Jidda ya haifar. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Da kame ya yi yawa a unguwa, sai ta sa aka naɗe keken a kwali, ta kai wa Alhaji ajiya, ta ce a riƙe sai ta ce a tura. Ba a jima ba aka kama ta a hanyar kasuwa, aka mai da ita Katsina daga ita sai kayan jikinta. Rasit ɗin keken ya bi tarkacen ɗakinta da mai gidan haya ya kwashe ya zubar.

Bayan wasu watanni Alhaji ya sayo sabuwar kwamfuta. Tsohon injin ya ce atafau ba zai hau ta ba. Na lallaɓa shi ta nan, na biyo ta can, da an danna sai ya rufe kansa. Dole aka koma sabon samfurinsa, wanda ya zo da wata ƙaramar manhaja mai kwashe bayanai daga tsohon fayil ta zuba a sabo. Na kwafi tsohon fayil a filashina, na kunna ta. Ta yi ta gudu, ta tsaya, ta rubuta "an kammala" da kore shar.

Na ce, "Alhaji, kada a taɓa sito. A bar ni in zauna in gwada tsohon da sabon, in ga ko komai ya tsallako."

Ya ce, "Ya muhandis, haba injiniya, ba ga shi ta ce an kammala ba? Yalla, yalla, tashi, mutane na jira."

Na maimaita, ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Na sake dawowa a kan maganar, ya ce aiki nake nema wa kaina. Tsohuwar kwamfutar ma a ranar ya ba da ita kyauta.

Cikin Sha'aban Inna ta kira ni. Cike take da murna. Ta ce ta samu ɗaki a wurin ƙaninta, in je in ce wa Alhaji ya turo keken, don matan unguwa sun ji labarin ɗinkinta na Jidda har sun fara kawo yaduka na sallah. Na je. Akawun Alhaji ya buga sunanta, babu. Ya buga lambar wayarta, babu. Alhaji ko kallona bai yi ba, ya ce, "Mafi, babu. Ba ta kawo nan ba." Matar da a gabana aka ɗora kwalinta a mota!

Na koma shagona. Fayil yana filashina, amma babu mai buɗe shi sai tsohon injin, shi kuma ba ya hawa sabuwar kwamfuta. Na tono wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, na kakkaɓe ta, na saka mata tsohon tsari. Injin ya ce wani ɗan fayil nasa ya ɓace. Na nemo a tsofaffin fayafayaina, na ba shi. Ya ce rumbun a kulle yake, wani na amfani da shi. Wa ke amfani da shi, aljani? Ashe wani ɗan fayil ɗin kulle ne ya biyo kwafin, na goge shi. Ya buɗe, sunaye suka fito duk alamar tambaya, sai da na juya harshen kwamfutar zuwa Larabci na sake kunnawa. Wallahi na zagi ƙarfe a ranar har maƙwabcin shagona ya leƙo ya ce lafiya.

Ga sunan Inna nan raɗau, ga lambar kwalinta, ga rana: talatin ga wata na biyu.

Nan na gane. Akawu da lissafin Hijira yake rubuta rana, kamar kowa a garin nan, wata na biyu a wurinsa Safar ne. Tsohon injin ba ruwansa, buhu ne, abin da ka zuba ya karɓa. Sabon kuwa da ya ga wata na biyu sai ya ɗauka Fabrairu ne, Fabrairu kuma ba ta da talatin. Maimakon ya tsaya ya yi tambaya, sai ya jefar da layin gaba ɗaya, da suna da lamba da komai, ya wuce abinsa. Duk wanda ya kawo kaya a ƙarshen Safar, tun daga ranar da aka buɗe shagon Alhaji, haka aka share shi. Sannan don rainin hankali a rubuta mini "an kammala".

Ban tsaya rufe shago ba, na ɗauki lambar kwalin na nufi Nuzla. Na ajiye wa Alhaji a gabansa, na ce a buɗe sito.

Ya gyara zama. Ya ce ai sun sauya sito kafin Rajab, kuma duk kwalin da aka buga lambarsa kwamfuta ta ce ba shi da mai shi, ya sa an kai kasuwar tsofaffin kaya an rabu da shi. Wuri yake so, ba zai yi ta biyan haya saboda kayan da ba na kowa ba.

Na ce, "Ba na kowa ba? Alhaji, ka ji tsoron Allah! Kwali ya yi ƙafa ya shigo sitonka da kansa? Ban ce kada a taɓa ba?"

Ya ce, "Na'urarka ce ta ce babu, ni ina ruwana? Halas, shi ke nan, ƙaddara ce."

Ƙaddara! Mutum ya ƙi jin magana, ya sayar da amanar mace, sannan ya jingina wa ƙaddara. Na faɗa masa abin da ba a faɗa wa babba, har mutane suka taru a bakin ƙofa, kuma ban yi nadama ba. Ya ce in fita masa daga shago. Na bi kasuwar tsofaffin kaya layi-layi ina tambayar keken, kowa ya ce an daɗe da wucewa wurin.

Da la'asar na kira Inna. Na yi ta kewaye-kewaye, ta ce, "Ɗan nan, faɗa mini kawai." Na faɗa mata. Ta ce ita ba ta gane ba, yaya aka yi sunanta ya fita. Na ce, "Inna, ranar da kika kai ce, talatin ga Safar. Injin ya ce babu wannan rana."

Ta ce, "Babu? Ni da na tashi a ranar na goge shi da mai, na naɗe shi da zanena?"

Sannan ta ce bari ta tashi tun da sauran rana, ta mayar wa mutane yadukansu su nemi wani tela kafin sallah.