Layin da Na Karya Ranar Babbar Sallah

Ni yanzu mantuwa ta riga ta ci ƙarfina, carbi yana rataye a wuyana nake tada gida ina nemansa. Amma akwai abu guda da ko an ciro ƙwaƙwalwar nan tawa an wanke da sabulu ba zai fita ba, shi ne ɓarnar da na yi da yatsa ɗaya tak ranar wata babbar sallah a gidana na Dakoro.

Lakwal dai, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Sai Allah ya rama min da ɗiyata, wadda ta yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Maradi, take aiki da wata ƙungiyar makiyaya. Ita da kanta ta rubuta wa ordinater ɗin wani tsari na tura saƙo zuwa salular mutane in ranar rigakafin dabbobi ta zo. A shekarar ne wani saurayi ɗan Maradi ya fito neman aurenta, suna son juna, an kai goro, sa rana kawai ta rage. Ubansa wani Alhaji ne babban ɗan kasuwar hatsi, mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba, kuma ana raɗe-raɗin hannunsa bai cika buɗewa ba.

Ran sallah da hantsi, an yanka raguna an jera su a itace gefen wuta, na zauna ina ƙorafin mutum kusan arba'in nake son yi wa barka, ga yatsana ya fi madannan salula girma. Ɗiyata ta ɗauko ordinater ta ajiye a gabana bisa tabarma.

"Baba, ga listar mutanenka nan a gefe. Kai kuma nan za ka rubuta gaisuwa. Layi ɗaya, mutum ɗaya. Duk inda ka danna wanga babban madanni, nan abin zai yanke rubutun, ya jera gutsattsarin kamar tsire, ya ba kowa nasa bi da bi. Na farko shi ne sifili."

"Sifili? Wana ne fa na farkon, shi kika mai da sifili?"

"Haka suke ƙirga, Baba. Kai dai kada ka danna shi sai ka gama da mutum."

Na ce na ji. Ta wuce wurin uwarta gyaran kayan ciki.

Na gama da biyu lafiya. Ta uku yayata ce ta Kornaka, na zuba mata doguwar addu'a, sai na ga rubutun ya miƙe ya shige gefen allo, wutsiyarsa ba ta ganuwa. Ni kuwa mutum ne mai son tsari. Na koma tsakiyar addu'ar na danna babban madannin nan, rabin ya sauko ƙasa, abu ya yi kyau kamar rubutun mushe. Har na yaba wa kaina. Na ci gaba da tsinke haruffa ɗaya-ɗaya kamar kaza, da na kai ƙarshe ban jira kowa ba, na danna inda ta nuna min ana aikawa.

Ashe layin nan da na raba biyu ya zama mutum biyu. Daga nan har ƙasa kowa sai ya karɓi saƙon wanda ke samansa.

Mai unguwa ne ya fara kira. "Wai ni ka ce Allah ya rage wa ciwon gwiwa da yawan surutu? Kuma tun yaushe na zama mace?" Wutsiyar addu'ar yayata ke nan. Ina cikin ba shi haƙuri ɗiyata ta fito da wuƙa a hannu, ta leƙa allon, ta bi da yatsa tana ƙirgawa. Da ta zo wani wuri sai ta zauna daɓas.

Wanda ke saman Alhaji a listar taubashina ne na Birnin Lalle, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Abin da na rubuta masa kuwa shi ne: "Barka da sallah, sarkin marowata. An ce ragonka na bana sai da aka danne shi da dutse kar iska ta ɗauke. In akwai nama a ƙafar ka aiko min."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, Alhaji ya buɗe." Uwarta ce ta yi faɗan na mutum biyu. Naman ranar nan ban san ɗanɗanonsa ba. Na kira Alhaji sau uku bai ɗauka ba, shi ma ɗan nasa salularsa a kashe.

Washegari da sassafe, ranar rabon nama, na naɗe cinya guda na shiga motar Maradi. Tun daga Dakoro nake shirya ƙarya: ordinater ce ta haukace. Sai na tuna aikin ɗiyata ne, in na ce ta haukace na ce ita ce ba ta iya ba, kuma a gaban mutanen da za ta zauna da su.

Na iske Alhaji a zaure da baƙi. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya ɗago salula ya karanta saƙon da ƙarfi, tun daga sarkin marowata har ƙafa. Wani tsoho ya cusa rawani a baki, kafaɗunsa suna rawa.

"Wa ya rubuta wanga?"

"Ni ne, Alhaji, amma na taubashina ne." Na rasa yadda zan bayyana, sai na ce, "Kamar a jera buhuna ne, kowane da mai shi, wani wawa ya zo ya raba ɗaya biyu. Ai kowa na maƙwabcinsa zai ɗauka. To ni ne wawan. Yarinyar sai da ta gargaɗe ni."

Ya ajiye salular. "To nawa fa, wa ya samu?"

"Mai gyaran taya na bakin tasha."

"Mi ka ce a ciki?"

Na karanta masa: Alhaji mai buɗaɗɗen hannu, inuwar talakawa, wanda kyautarsa ta wuce Maradi.

Ya dube ni tsawon lokaci. "Wanga ka yi ƙarya," in ji shi. "Na farkon ya fi kusa da gaskiya. Ragon ma ban ji daɗinsa ba." Zauren ya fashe da dariya, shi kuwa gefen gemunsa kawai ya motsa. Ya sa aka karɓi cinyata, ya ɗaga ta da hannu ɗaya yana aunawa. "Kai ma naka ai da dutse aka danne shi."

Kafin in tashi ya ce a sa rana bayan girbi, da sharaɗi guda: yarinyar ce za ta tura gayyata, ni kuma a ɗaure min yatsa har a watse.

Yau jikokina biyu a gidan Alhaji. Abin da na koya shi ne na'ura ba ta san suruki ba, ba ta san taubashi ba, inda ka yanke nan take yankewa. Kuma in wanda ya san aiki ya ce kada ka taɓa, ko kai ka haife shi, ka zauna a kan hannunka.