Saƙonnin Inna ga Likitarta

Shekarar da aka gano Inna tana da hawan jini, ni nake kai ta asibiti a Rano duk wata daga Madachi. Hawan babur yana wahalar da ita, in mun dawo sai ƙugunta ya riƙe kwana biyu. Likitar da take duba ta, wata matashiya 'yar Kibiya, ta lura da haka. Ta sa muka sayi na'urar awon jini, ta koya mini ɗaura ta, sannan ta ba ni lambarta.

Ta ce, "Duk Litinin ki auna ta, ki turo mini abin da ya nuna. In ba matsala, ba sai kun zo ba."

Satin farko na rubuta na tura. Inna tana tsinkar zogale ta tambaye ni me na ce wa Likita. Na karanta mata.

"Shi ke nan? Ba sallama, ba ina gajiya? Haka na koya miki?"

Ta karɓi wayar, na nuna mata inda ake dannawa a yi saƙon murya. Ta gyara mayafi kamar ana kallonta. Ta gaida Likita, ta tambayi maigidanta da mutanen Kibiya, ta ba ta labarin ruwan da aka yi da akuyarta da ta haifi biyu. Sai can ƙarshe ta tuna da jinin. Kunya ta kama ni, don na san layin da ke jiran matar nan.

Bayan la'asar amsa ta zo. Likita tana dariya ta ce, "Inna, Allah ya raya 'yan akuya. Jinin ya yi kyau, amma a rage gishiri." Inna ta sa na maimaita mata sau uku.

Haka muka yi wata bakwai. Sau ɗaya kawai Likita ta kira mu asibiti, da na tura mata hoton ƙafar Inna ta kumbura, ta canza magani.

Wata Litinin muka tura, shiru har Laraba. Inna ta kasa zama, ta ce in ba ta wayar.

"'Yar nan, ba jinina nake tambaya ba. Ke lafiya?"

Da hantsi amsa ta shigo, murya ƙasa-ƙasa, jariri yana kuka a gefe. Likita ta sauka, an samu mace. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Nan take ta hau ba Likita umarni: ta riƙa zama cikin ɗumi, kada ta yi gaggawar komawa aiki, ta sha kunun kanwa da zafinsa.

Likita ta ce, "To Inna, na ji. Amma ke ko kurɓa kada ki yi, kanwa ba ta mai hawan jini ba ce."

Ranar suna muka je Kibiya da ƙwaryar fura da turmin atamfa. Mahaifiyar Likita ta tare mu a zaure, Inna tana yin sallama matar ta ce, "Wallahi na gane muryar nan! Ita nake ji a wayar 'yata." Ta kama hannunta ta kai ta har ɗaki, aka ɗora mata jaririyar a cinya. Ba mu baro gidan ba sai da aka kira la'asar.